Gishirin Malama Sisiliya

Sista, shugabar makarantarsu Alheri, ita ta matsa min in rubuta wannan. Ta ce, "Maman Alheri, kullum kina tsaye a bakin get kina ba mutane labari ɗaya, ki zuba shi a takarda ki huta." Ni ba marubuciya ba ce, ɗinki nake yi a Abakpa, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na iya ajiye magana a ciki. To ga shi nan yadda ya faru. Wanda ya ga kansa a ciki ya ji haushi, ya yi haƙuri.

Alheri ce 'yata ta fari. Shekararta takwas a lokacin, tana aji uku a makarantar firamare ta cocinmu na Katolika. A makon da aka shafa mana toka, farkon Azumi, ta tashi da safe idanunta sun kumbura. Na ce, "Ke, kuka kika kwana yi?" Ta ce a'a. Kafin rana ta yi tsaka kumburin ya sauka, na ce barci ne ya yi mata yawa. Washegari haka, jibi ma haka. Masu kawo ɗinki har yaba mini suke yi, wai Alheri ta fara ƙiba, ta yi kumatu. Ni kuma da wauta ina murmushi ina cewa mun gode Allah.

Ranar Juma'a ta biyu 'yan makaranta suka shiga coci yin Hanyar Gicciye, kamar yadda suke yi kowace Juma'a a Azumi. A kowace tasha ana durƙusawa a tashi. Alheri ta durƙusa, ta kasa tashi. Malama Sisiliya ce ta riƙo hannunta har gida. Wannan baiwar Allah ita ke koyar da katikizim, wato karatun addini, a makarantar tun kafin in yi aure, kuma ita ce uwar baftismar Alheri. Tsohuwa ce mai tsawo, ba ta ɗaga murya, amma idan ta ce a zauna har Fada, limamin cocinmu, sai ya nemi kujera. Ta cire wa yarinyar safa, ta danna ƙafar da yatsa, sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta ce, "'Yata, wannan ba ƙiba ba ce."

Daga nan shawarwari suka fara zuwa. Mai kemis ya ce tsutsar ciki ce, ya ba mu magani. Goggon maigidana ta bugo waya daga ƙauye, wai yarinyar ta tsallaka wani abu ne, a kawo ta gida a yi na gargajiya. Wata ta ce ganyen gwanda, wata ta ce man zaitun. Maƙwabciyata Maman Sadiku, Bakatsiniya, wadda mijinta ke koyar da karatun allo a zauren gidansu, ita ce ta leƙa fon da Alheri ta yi fitsari, ta ga kumfa kamar an kaɗa omo. Ta ce, "Maman Alheri, mi kike jira? Wallahi ki ɗauki mayafi ku tai asibiti." Allah ya saka mata da alheri, don da ba ta tsawata min ba da har yanzu ina dafa ganye.

Asibiti kuwa sai wanda ya je. Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin gwaji daban, kuma idan ka kai gaba a ce mai ɗibar jini ya fita. Yini biyu muka yi muna wannan zirga-zirga kafin muka zauna gaban wata likita, yarinya ƙarama da ba ta kai ƙanwata ba, amma ta san aikinta. Ta ce ƙodar Alheri ce ke yoyo kamar rariya, abin da ya kamata ya zauna a jini yana fita ta fitsari, shi ya sa ruwa ke taruwa a jiki. Ta rubuta ƙwayoyi, ta ɗaga yatsa ta ce, "Madam, magani kullum, ba fashi. Gishiri kuma ko ƙwaya ɗaya, har da magi. Idan kumburin ya ƙi sauka, sai mu tura ku Zariya a ɗebi ɗan nama daga ƙodar a duba." A kan bencin waje na ji wasu mata suna maganar wankin ƙoda. Tun daga ranar wannan kalma ta zauna min a ƙirji, na ƙudura a raina 'yata ba za ta kai can ba.

A makarantarmu akwai wata al'ada da muke kira layin kwano. Idan yaro ya kwanta ciwo, iyayen 'yan ajinsu sukan raba kwanaki, kowace rana gida ɗaya ya dafa wa marar lafiya abinci. Da safe kuma a wurin taro yara su ja Rosari, carbinmu na Katolika, su ambaci sunansa. Malama Sisiliya ce ke tsara layin. Ranar Lahadi bayan Misa na tsaya gaban matan na faɗa musu abin da likita ta ce, na maimaita har sau uku: ba gishiri, ba magi. Duk suka ce sun ji. Malama ta dafa kafaɗata ta ce, "Ki bar min wannan, ke ki ji da magani."

Ba zan ɓoye alherin da aka yi min ba. Keken ɗinkina ya yi ƙura saboda zaman asibiti, maigidana kuma bakanike ne a Kurmin Mashi, ranar samu da ranar rashi. Kuɗi kam sun tafi, ba zan tsaya lissafi ba. An yi mana baiko na musamman a coci, aka tara mana kuɗi. Sista ta ce a manta da kuɗin makaranta na wannan zangon. 'Yan ajinsu suna zuwa da yamma da kayan makaranta a jiki, su cika min ɗaki, su yi waƙa, su kwafa mata darasi, su shanye min ruwan randa. Kular abinci kuwa ba ta taɓa fashi ba: yau faten doya, gobe shinkafa da wake, jibi tuwo da miyar kuɓewa.

Abin da ya ba ni haushi shi ne, nawa abincin Alheri ba ta ci. In dafa mata ba gishiri, ta kai loma ɗaya ta ture, ta ce kamar tana tauna katifa. Amma da kular layi ta iso sai ta tashi zaune ta cinye, abin da ya rage ta ce a ajiye mata na dare. Har kishi na ji. Na tambayi wata daga cikinsu, Maman Imanuwel, na ce, "Wai me kuke sa wa ne?" Ta yi dariya ta ce, "Yadda Malama ta ce mu yi, haka muke yi." Na ce to, hannu ne ya bambanta. Ni kuma na ɗauki alkawarin azumi saboda ciwon nan, ba na sa komai a baki sai rana ta faɗi, kuma na hana kowa a gidan taɓa kular marar lafiya. Saboda haka ban taɓa kai cokali ciki ba.

Mako na uku muka koma awo, nauyi ya ƙaru. Mako na huɗu ya sake ƙaruwa. Cikinta ya yi tulu, siket ɗin makaranta ba ya shiga, fuskar ta cika har ba ka gane 'yata sai ta yi magana. Likita ta auna jininta ta ga ya hau. Ta ajiye abin awon ta dube ni ta ce, "Madam, ki faɗa min gaskiya, me yarinyar nan take ci?" Kai, raina ya ɓaci! Na ce, "Likita, ni ce na haife ta. Kina ganin zan kashe ta da hannuna?" Ta ce ba haka take nufi ba. Na fito ina huci, har na ce wa maigidana yaran likitocin nan ba su da ladabi.

Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka ina yanka yadi, Alheri ta ce kanta na sarawa, ba ta gani sosai. Kafin in ajiye almakashi ta faɗi tana jijjiga, idanu sun juye. Wayyo Allah, ba na fatan ko maƙiyina ya ga irin wannan. Ihun da na yi ne ya fito da Maman Sadiku ba ko takalmi, mijinta ya bar ɗalibansa ya tare mana Keke. A hanya ina kiran sunan Yesu, ita tana salati, mai Keke yana ta hon. Aka ba mu gado. Da ta farfaɗo likita ta ce hawan jini ne ya jawo, kuma idan bai sauka ba a 'yan kwanakin nan, Zariya za mu tafi.

A asibitin ma kula ba ta daina zuwa ba. Ranar Juma'a da hantsi aka kawo faten wake, Alheri tana barcin allura. Maman Sadiku ta zo duba mu, tun safe ba ta karya ba. Na ce, "Ki ci wannan kar ya lalace, sai dai ki yi haƙuri, ba gishiri." Ta kai cokali ɗaya, ta tsaya da tauna, ta dube ni.

"Ba gishiri kika ce?"

"Ko ƙwaya."

"Maman Alheri, wanga abinci ai ya ji gishiri. Har ya so ya yi yawa."

A nan azumina ya karye. Na fizge cokalin na kai baki. Gishiri ne, zau, ba mai musu. Na tashe yarinyar, abin da bai kamata in yi ba, na ce, "Alheri, kin san da gishiri a abincin nan?" Ta buɗe kumburarrun idanun nan ta ce, "E, Mama. Na Malama ne, mai albarka. Ta ce wannan ba ya cikin wanda likita ta hana."

Na bar ta da Maman Sadiku, na hau acaɓa da kular a hannu. Na tarar yara sun yi layi a farfajiya za su shiga Hanyar Gicciye, wasu iyaye mata ma sun zo. Malama Sisiliya tana gaba da littafin addu'a. Ban ko gaishe ta ba, ni da nake durƙusa mata. Na buɗe kular na ce, "Mama, mene ne wannan?"

Ba ta yi musu ba, ko kaɗan ba ta ga laifi ba. Ta ce tun ranar da aka fara layin ta kai gishiri Fada ya sa masa albarka, ta ƙulla a 'yan ledoji ta raba wa kowace uwa, ta ce kada su kuskura su sa na kasuwa, wannan za su sa. Ta ce, "'Yata, abin da aka yi wa addu'a ya tashi daga gishiri. Da shi na yi jinyar 'ya'yana duka. Yarinya ba ta cin abinci, ga ciwo, in zuba ido?"

Na ce, "Ta yi jijjiga, Mama! Ta kusa mutuwa a hannuna!"

Wata daga baya ta ce, "Maman Alheri, ki bi a hankali, kada bangaskiyarki ta yi rauni." Ai kuwa ta taɓo ni. Na juya na ce wadda bangaskiyarta ta fi ƙarfi ta zo ta kwana a kan bencin asibiti, ta riƙe ƙafar 'yarta ana neman jijiya. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba na coci ba ne, kuma a gaban yara. Sista ce ta ja ni ofis ta zaunar da ni, ta ba ni ruwa, ta aika a kira Fada. Maigidana ya bugo waya, labari har ya kai gareji, yana cewa in tuna tsohuwa ce, uwar baftisma ce, kada in kunyata ta. Na ce masa kunya tana warkewa, ƙoda fa?

Fada ya saurare ni har na gama, ya riƙe kai. Bayan an idar da Hanyar Gicciye ya ce kowa ya zauna, yara da manya. Bai kira sunan kowa ba. Ya ce, "Ni na sa wa gishirin nan albarka, kuma albarkar tana nan. Amma ban cire masa gishirinsa ba, ba ni da wannan iko. Ku barbaɗa a bakin ƙofa, ku sa a ruwan yayyafawa. Wanda likita ya hana wa gishiri, an hana shi har da nawa." Malama Sisiliya ta ɗauki jakarta ta fita ta ƙofar gefe. Ranar Litinin ba ta zo makaranta ba, haka sauran kwanakin.

Da na koma na faɗa wa likita, na kuma ba ta haƙurin rashin kunyar da na yi mata. Ta ce gishirin ba shi ya kawo ciwon ba, ciwo ne da ke kama yara haka kawai, amma shi ke riƙe ruwan a jiki yana tayar da jini, magani na ja gaba yana ja baya. Ta ce za ta ƙara mana lokaci mu gani.

Na dakatar da layin kwano. Na ce daga yau abin da bai fito daga tukunyata ba ba zai shiga bakin Alheri ba. Sabon yaƙi ya tashi, don yarinya ta saba da ɗanɗano. Ta yi kuka, ta yi yajin cin abinci, ta ce ba na son ta. Na ce ki ƙi ni, in dai kina da rai. Na kwashe gishiri da magin gidan kaf na kai wa Maman Sadiku, kowa ya koma cin lami, har maigidan, wanda ya riƙa cin tuwo yana kallon silin kamar mai shan maganin zazzaɓi. Na koyi soya albasa har ta yi ja, in daka citta da tafarnuwa, in matsa lemun tsami a kan kifi. Loma biyar yau, gobe bakwai. Ina zaune a gabanta da cokali, ba na tashi sai kwano ya yi rabi.

A hankali fitsari ya fara yawa, har na gaji da zubar da fo, kuma ban taɓa murnar wahala irin wannan ba. Fatar ƙafarta ta yi tamoji kamar ta tsohuwa. Wata safiya na ga ƙashin idon sawunta ya fito, na kira nas ta zo ta gani kamar wani abin kallo. Jini ya sauka, aka sallame mu ana saura kwana kaɗan Ista. Likita ta ce mu dawo bayan biki a yi gwajin da zai nuna ko maganar Zariya tana nan.

Matan layi ba su yi zuciya duka ba. Da suka ga na hana dafaffe sai suka koma kawo ɗanye: doya, albasa, ƙwai, wani lokaci gawayi. Maman Imanuwel ta zo har gida tana hawaye, ta ce hannunta ne ya zuba gishirin. Akwai kuma biyu da har yau ba sa amsa gaisuwata da kyau, su ta shafa. Abin da zan ce wa iyaye shi ne, kumburin ido da safe ba barci ba ne, kumfa a fitsari ba wasa ba ce. Idan likita ya kafa doka, kada ku tsaya a kan faɗa wa mutane, ku bi ku gani da idonku. Waɗanda suka ba 'yata abin da ya kusa kashe ta ba maƙiya ba ne, mutanen da suka fi kowa son ta ne.

Alheri ta yi ta tambayar Malamarta. Wa ke ja musu Rosari yanzu? Me ya sa ba ta zuwa? In ce mata tana hutawa. A raina kuwa ban huce ba, ko a Misar Ista da na hango ta can kujerar baya, ta rame, kau da kai na yi.

Ranar gwajin muka yi sammako, duk da haka muka tarar layin kati ya kai bakin baranda. Ina cikin tsaki sai na ji an ce, "Maman Alheri, ku zo nan." Malama Sisiliya ce, ita ce ta uku a layi, da carbinta a hannu. Ashe wurin Sista ta tambayi ranar, ta zo tun asuba ta kama mana wuri. Alheri ta saki hannuna ta ruga ta rungume ta. Ni dai na ce, "Ina kwana, Mama." Ta ce, "Lafiya." Haka muka zauna a benci ɗaya har azahar, aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, muna jiran sakamako, leɓen Malama na motsi, ni ina kallon bango.

Da aka kira mu ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga ba. Likita ta duba takardun, ta danna ƙafar Alheri, ta auna jini, ta sake duba takardun. Sannan ta ce yoyon ya tsaya. Za a ci gaba da magani ana ragewa a hankali, ciwon yana iya dawowa, dokar gishiri tana nan, amma maganar Zariya a ajiye ta. Na ce ta maimaita. Ta maimaita tana dariya.

Na fito, tsohuwar ta kafe ni da ido. Na ce, "Ya tsaya, Mama. Ba za mu Zariya ba."

Matar da ban taɓa ganin ɗankwalinta ya karkace ba ta zame ta zauna a ƙasan baranda, a gaban jama'a, tana kuka da murya. Tana cewa, "Da na kashe ta fa? Da na kashe 'yata fa?" Alheri ta tsorata ta riƙe zanena. Na tsaya a kanta, duk maganganun da na tanada tun ranar Juma'ar nan suna bakina, na neme su na rasa. Na sunkuya na kama hannunta.

"Tashi, Mama, mutane na kallo. Gobe zan buɗe layin kwano, kuma ke za ki fara."

Ta ɗago tana share fuska da bakin zane. "Za ki karɓa daga hannuna?"

Na ce, "Zan karɓa. Amma ki zo da cokali biyu, ni zan fara ci."